Ruwan da Ya Je Paraku Ya Dawo

Daren Litinin, bayan masu shaguna sun kashe fitilunsu, Na-Allah ya ji wata ƙara da bai san sunanta ba. Yana kwance a tsakar gida saboda zafin bazara. Daga bayan katangar maƙwabta aka fara wani abu kamar ana buga ƙaramin kwano da farce, tin, tin, tin, sannan ya koma shuu, ya yi tsit. Da aka jima sai wani maƙogwaro mai faɗi ya shiga haɗiya, ƙulum, ƙulum, yana tsayawa yana gyatsa. Na-Allah ya ce a ransa wataƙila dorina ce ta gaji da ruwan gulbi, ta hauro cikin Malanville ta ɗanɗana na randa. Tunanin ya yi masa daɗi, har barci ya ɗauke shi a kansa.

Shekara arba'in Na-Allah ya yi yana bin sawun shanun sata a dajin Tumbutu, ta nan kusa, ba waccan ta Mali ba. An ce ya taɓa bin wata saniya kwana tara, ya same ta an sauya mata igiya, an yanke mata gashin wutsiya, ya gane ta saboda tana jan ƙafar hagu idan ta ga inuwa. Yanzu gwiwoyi sun gaza, ya dawo gari wurin ɗiyarsa, yana wuni a dakali yana karanta ƙafafun masu wucewa don kada ya manta.

Gidan da ke bayan katangar na Alhaji Abdurra'uf ne, mai fataucin albasa. Yana da wata tsohuwar mota mai shan gazuwal, wato man dizal, ruwan toka, wadda yake ji da ita fiye da rigunansa. Ranar Talata da asuba ya fita da ita zai je Kandi. Da azahar aka dawo da ita ɗaure da igiya a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, aka ajiye ta a garejin Khalidu makanike.

Kafin la'asar unguwa duka ta san labarin. Alhaji ya duba ruwa kafin ya tashi, ya gan shi cike. Yana wuce Gene kaɗan allurar zafi ta haye ja, tururi ya taso ta gaba, injin ya yi tari biyu ya mutu. Kwana takwas ke nan da Khalidu ya sa wa motar sabon pampon ruwa, ya kuma ce ya cika ta da koren ruwan nan na galan da ake sanyaya inji da shi. Da aka kwance bututun ƙasa a gaban jama'a, sai ga ruwa fari ya zubo, irin na sha.

"Ina koren?" in ji Alhaji, bai ko ɗaga murya ba. "In ka yi mini ƙarya bisa ruwa, ka yi mini bisa pampo. Tsoho kaw wanke kam mayar. Alhamis bayan la'asar mu tahi wurin jandarma, ka hwaɗa musu da bakinka."

Mutane suka rabu. Wasu suka ce Khalidu ne, ai hannun makanike bai san iyakarsa ba. Wasu suka tuna da Ango, direban da Alhaji ya sallama a watan jiya. Hasiya mai suyar kifi, wadda ƙofarta ke kallon ta Alhaji, ta ce ita dai ta ji abin da ta ji a daren, kuma ba aikin mutum ba ne.

Bayan magariba Khalidu ya zo ya durƙusa a gaban dakalin Na-Allah, hannuwansa baƙi ƙirin, ya ɓoye su a tsakanin gwiwoyi.

"Baba Na-Allah, in anka kai ni jandarma bisa zancen musanya kaya, na gama. Ko sun sake ni, babu mai ƙara ba ni makullin motatai. Manyan gareji, shugabanninmu, sun ce in ta tabbata, rumhwata za su karɓe."

"Ni sawun shanu nis sani, ɗana. Mota ba ta da kofato."

"Amma wanda yat taɓa ta shina da ƙahwa."

Na-Allah ya juya maganar a ransa. Ya ce su haɗu da safe.

Garejin Khalidu rumfar kwano ce a bayan tashar kamiyo, ƙasarta ta sha baƙin mai har ta yi ƙyalli. Na-Allah ya zagaya motar sau biyu kamar yadda yake zagaya saniyar da ta kwanta, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Hwaɗa mini duk abin da ka sa wagga dabba zazzaɓi. Kada ka bar ko guda."

Khalidu ya ɗaga murfin gaba ya shiga nunawa. Ya ce abu na farko yoyo ne, ya bi bututan roba da yatsa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsage. Ya ja bel ɗin da ke juya pampo, yana nan daram. Ya haɗa waya da batir, fanka ta juya har ta ɗaga gemun Na-Allah. Ya haska fitila ta bayan lagireto, wato akwatin ƙarfen da ruwa ke shan iska a cikinsa, haske ya fito ta ko'ina, ba laka, ba ɓawon albasa. Murfinsa ma robarsa lafiya. Ya kwance pampon ya ajiye a ƙasa, haƙoransa sababbi.

"Alhaji ya ce da toka niw wanke shi," in ji Khalidu. "To, mi zan ce?"

"Sun ƙare?"

"Saura guda. Iska."

"Iska kamar na Hasiya?"

Khalidu ya yi murmushi karo na farko tun jiya. Ya nuna wasu ƙananan kusoshi biyu, ɗaya a saman bututu, ɗaya a gefen inji. Ya ce irin wannan mota, idan an zubar mata da ruwa za a sake cikawa, sai an sassauta su. A riƙa zubawa a hankali tana kumfa tana gyatsa, har ruwa ya fito ta nan zalla, sannan a ɗaure. In ba a yi haka ba, iska na maƙalewa a cikin inji ta tare hanya. Kana duba sama ka ga ruwa cike, ciki kuwa bushe yake. Ruwa ba ya zagayawa, na ƙasan lagireto ko ɗumi ba zai yi ba, kan injin kuma ya gasu har ya lanƙwashe.

"Ni na buɗe su ran da nig gyara. Motag ga ta je Paraku ta dawo, allura ba ta motsa ba."

"Gyatsa kac ce?" Na-Allah ya tambaya. Ya tuna da dorinarsa, ya ji ɗan baƙin cikin rabuwa da ita.

Ya sa aka kawo masa sauran ruwan da aka tara a gwangwani jiya. Ya kai hanci ya lumshe ido. A ƙarƙashin warin tsatsa akwai wani ƙamshi siriri, na hayaƙin kajiji da ƙaro. Ya je ya sunsuna gangar ruwan garejin, ita warin gazuwal take yi da rana.

"Wanga ruwan randa ne. Randar mace mai tsabta, wadda ta iya turare."

Zai tashi sai ya ga wani galan a gindin rumfa, kiyashi sun yi wa bakinsa zobe.

"Sauran koren ne," in ji Khalidu. "Zaƙi gare shi kamar sukari, amma dahi ne. Kiyashi ba su bar ni in huta."

Na-Allah ya daɗe yana kallonsu. Irin abubuwan da yake so ke nan, dafin da ya yi shigar zuma.

Ya sami Ango a bakin kasuwa, kusa da masu buhunan albasa, yana zaune a kan baburinsa na kabu-kabu yana cin rogo.

"Na san abin da yak kawo ka, Baba. An ce ni ne."

"An ce kana da makullin ƙohwar gidan."

"Na mayar ran da anka kore ni. Tambayi Alhaji, hannu da hannu." Ya tofar da zaren rogo. "Daren Litinin Gaya nik kwana, ƙetaren gulbi, wurin ƙanwata da ta haihu. Mutum ashirin sun gan ni ina cin tuwo fiye da rabona."

Na-Allah ya kalli ƙafafun Ango, manya, takalmin taya, dunduniyar dama ta cinye ta waje. Ya ajiye su a ransa.

"Ka ji haushin korar?"

"Na ji mana. Har gobe ina ji. Amma Baba, dibi nan. In don ɓarna ne, reza guda ta isa, in yanka bututu in wuce. Wane maƙiyi za shi kwashe maka ruwa, kuma shi tsaya shi cika maka da wani, shi ɗaure komi tsab? Ko ni da nike direbanta ban taɓa yi mata wagga hidima ba."

"Kai ka san zancen ƙananan kusoshin iska?"

"Khalidu yan nuna mini. Da can ban sani ba. Ni wurin Baba Sadiƙu nik koyi mota, uban Alhaji. Shi ko na manyan kamiyon da ne, shekara talatin tsakanin Paraku da Yamai. Su nasu, guga kawai kake kifa musu ta sama, ka rufe, ka tahi." Ya goge baki. "In ka shiga gidan ka gaishe mini da Inna Marka, uwar Alhaji. Ita kaɗai nike kewa."

Na-Allah ya tafi a hankali ta layin masu shinkafa, yana tunanin ɓarawon da ke biyan abin da ya sata da abin da ya fi shi tsabta. A shekara arba'in bai taɓa gamuwa da irinsa ba.

Hasiya tana fere kifi a ƙofarta. Ta ce masa fofo, wato sannu, ta tura masa kujera da ƙafa.

"Kai ma ka ji ko? Haɗiya da gyatsa. Na hwaɗa ma Alhaji tun bara, dogon yaron ga da yake aje mota ƙarƙashinai akwai masu shi."

"Aljani na turara randa, Hasiya?"

"Wa yas sani? Matansu ai mata ne."

"Cikin unguwag ga wa ka turara randa da kajiji?"

"Kowa. Ni ma. In ni kake nema, ga ni zaune." Ta watsa ƙaya ga wata mage. "Amma kajiji haɗe da ƙaro, wannan na Inna Marka ne, ita tak koya muna. Wata takwas ke nan ƙahwahunta sun ƙi ɗaukarta, daga tabarma sai tabarma. An kai ta likita, an kai ta wurin masu sassaƙe. Baba Sadiƙu ne ka yi mata komi yanzu, shi ka turara mata randa, don ba ta shan ruwan da ba ƙamshi. Ya hana surukai su taɓa. Har shara shi ka yi, namiji da tsintsiya, tun asuba."

Farfajiyar gidan Alhaji an share ta tas. Layukan tsintsiya sun kwanta a kan yashi kamar tsefewar kai, sun shafe duk wani sawu na daren Litinin, na Ango ko na wani. Baba Sadiƙu yana zaune a bakin zaure, siririn tsoho mai manyan hannuwa, yana gyaran wata fitila. A bayan hannunsa na dama akwai sabuwar ƙujewa.

Suka gaisa gaisuwar tsara, suka tambayi gwiwoyin juna. Na-Allah ya ce yana son ya sha inuwar dogon yaro. Tsohon ya ce inuwa ta Allah ce.

Ya zauna daidai inda motar ke kwana. Babu abin gani sai ɗigon baƙin mai na shekaru. Ya zauna har inuwa ta matsa, ya matsa tare da ita. Ya saba da wannan. Ƙasa ba ta son a yi mata gaggawa, sai ta ga mutum ba shi da wurin zuwa take buɗe baki.

Da rana ta karkata, haske ya kwanta a gicciye, sai ya gan su. Kiyashi ne, sun taru a wuri guda kamar tafin hannu, suna tonon yashi. Taku biyu gaba, ga wani ɗan taro. Gaba kuma wani. Tsintsiya ta share saman ƙasa, amma zaƙin da ya ɗiga ya nutse, su kuma ba da ido suke nema ba. Ɗigon ya fi yawa a gefen dama, alamar mai ɗauke da kwanon yana ɗingisa ta wannan gefe.

Na-Allah ya tashi ya bi su. Layin bai nufi ƙofar waje ba. Ya bi gindin katanga, ya wuce turken awaki, ya kewaye rumbu, ya tsaya a bakin wani ɗaki mai labulen asabari. A gefen ƙofar an kife wani kwanon sha mai faɗi, kiyashi sun baƙanta bakinsa.

Nan tsintsiya ba ta kai ba, sai ya ga wani abu kuma. Sawun ƙafar mace ne, babu takalmi, tafin sumul, babu faso ko ɗaya, irin na ƙafar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. Yatsun sun kama yashi da ƙarfi. Taku uku daga bakin ƙofa zuwa waje. Babu na komawa. A gefensu sai sawun takalmin tsoho da ya juya ciki, ya nutse fiye da nauyin mai shi, kamar yana ɗauke da mutum.

Ya ji numfashi a bayansa. Baba Sadiƙu ne, fitilar na hannunsa.

"Sadiƙu," in ji Na-Allah a hankali, "gobe za su kai yaron ga wurin jandarma."

Tsohon ya kalli labulen, ya rage murya. "Ban ce komi ba, ba ni cewa komi. Amma abin da anka ɗauka an mayar, cike, har baki. Mota ba ta ƙonewa da ruwa cike. Shekara talatin ina wanga aiki."

"Wagga tana ƙonewa. Iska ka maƙale mata."

Ya kwatanta masa kusoshin biyu. Fuskar tsohon ta sauya sannu a hankali, kamar bango idan ruwa ya jiƙa shi.

"Litinin," ya ce a ƙarshe. "Ka bar ni zuwa Litinin, Na-Allah. Kwana bakwai ne, in baki yab buɗe kahin su cika, ya lalace. Don Allah."

Da daddare bayan isha Na-Allah ya tari Alhaji a ƙofar masallaci, ya roƙe shi ya ɗaga maganar zuwa Litinin. Alhaji ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane, manyan gareji ma gobe za su zauna, kuma duk kwanan da aka ƙara Khalidu zai sami lokacin shirya wata ƙarya. In akwai suna a faɗa masa yanzu. Na-Allah ya ce a tara mutane gobe a ƙarƙashin dogon yaro.

Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Alhaji ya zauna a kujera, makullin motar a hannunsa yana juya shi. Khalidu ya zo da wankakkiyar riga, irin wadda mutum ke sawa idan bai san inda zai kwana ba. Ango ya jingina da baburinsa a bakin ƙofa. Hasiya ta tsaya da wasu mata a gefe, ta ce ba za ta zauna a ƙarƙashin wannan itace ba. Baba Sadiƙu yana wurinsa na kullum a bakin zaure.

Na-Allah ya ajiye gwangwanin ruwan a tsakiya, ya sa aka miƙa shi hannu zuwa hannu.

"Ruwan gareji warin gazuwal shikai. Wanga na randa ne. Ba wurin Khalidu anka zuba shi ba, nan anka zuba shi, daren Litinin. Ni na ji, Hasiya ta ji. Tin-tin ɗin, koren ruwa ne ka zuba cikin kwano. Gyatsar ko, mota ce ka haɗiyar ruwa da iska tare."

Ya sa Khalidu ya maimaita bayanin kusoshin. Wani dattijon makanike da ya zo kallo ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, ya taɓa ƙona tasa da irin wannan.

"Ango ne ke nan," in ji wani.

"Ango ya san kusoshin. Kuma Gaya yak kwana. Wanda yay yi wanga ya iya mota, amma ba irin wagga ba. Bai yanka komi ba, bai ɓata komi ba da saninai. Ya ɗebi abin da yake so, ya mayar da ruwan da yaf fi kowane kyau cikin gidansu. Ba maƙiyinka ba ne, Alhaji. Ka sallami Khalidu, ka bar sauran ga Allah."

Alhaji ya daina juya makullin. "Baba Na-Allah, ina ganin girmanka. Amma mutum maras suna da yas shigo gidana ƙohwa kulle, ya saci ruwa ya biya da ruwa, wannan tatsuniya ce. Khalidu ma shina iya ɗebo ruwan randa daga gidansu. In kana da suna, hwaɗi. In babu, mu tahi tun rana ba ta hwaɗi ba."

Na-Allah ya kalli ƙasa. Kiyashin suna nan, taku biyu daga ƙafar Alhaji, suna aikinsu. Da yatsa ɗaya zai iya nuna su, kowa ya bi layin da idonsa. Bai ɗaga hannun ba.

Khalidu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi. Ya ce wa dattijon makaniken ya gaya wa matarsa kada ta jira shi da tuwo.

"Zamna, Khalidu."

Baba Sadiƙu ne. Ya taso yana ɗingisa ta dama, ya zo tsakiyar tabarma ya tsaya a gaban ɗansa.

"Ni ne, Abdu. Ni nik kwance bututun, ni nim mayar."

Alhaji ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa, don ba ya zama sama ubansa na tsaye.

"Baba, don mi?"

"Don uwarka." Tsohon ya goge hannuwansa a riga. "Zamanin da nike bisa hanya, wani tsohon direba Bazabarme yah hwaɗa mini. Ya ce ruwan da yay yi tahiya mai nisa cikin mota ya dawo gida, tahiya na cikinai. In ƙahwa ta manta hanya, a wanke ta da shi kwana bakwai, kada a hwaɗa ma kowa. Na yi mashi dariya ran nan. Wata takwas ina kallonta, dariyar ta ƙare. Ka kai ta likita, ka yi iyakarka, na sani. Da nig ga motar ta je Paraku ta dawo, nic ce bari in gwada nawa." Ya juya ga Khalidu. "Ban san da kusoshinka ba. Da na sani da na buɗe su. Na zaci kai ne da gaske, har jiya. Ka yahe mini kwana biyun da kak kwana da wanga abu."

"Yau kwana nawa?" Alhaji ya tambaya.

"Uku. Saura huɗu. Yanzu ko na hwaɗi."

Khalidu ya cire takalminsa ya koma ya durƙusa. "Babu komi, Baba. Amma ruwan ga dahi ne. Kada shi kai bakinta, kada shi taɓa inda hwata tab buɗe. Awaki ma a kiyaye su."

"Wanki kaɗai ne. Ni ka yi, ni ka share mata da tsumma."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙa hannu ya ajiye makullin motar a tafin Khalidu, ya rufe yatsun makaniken a kansa da hannuwansa biyu.

"Gaban mutane niz zarge ka, gaban mutane nike roƙonka. Ka gyara ta. In ka zo cika ruwa, ka kira Baba shi ga kusoshin."

Dattijon makaniken ya ce zai kai wa manyan gareji labari tun kafin su zauna. Ango ya ce shi fa ba wanda ya roƙe shi gafara, aka yi 'yar dariya, Alhaji ya ce ya shiga ya gaida Inna tukuna. Mutane suka fara naɗe tabarmi. Baba Sadiƙu ya ɗauki gwangwanin ruwan randar, ya zuba shi a gindin dogon yaro, ya nufi ɗakin mai labulen asabari ta gefen katanga, yana taka kiyashin bai sani ba.

Hasiya ce ta tsaya a bakin ƙofa, gyalenta a hannu, tana kallon bayansa.

"To wai ni kam," ta ce, "Inna Marka ta taka kuwa?"

Tsohon bai waiwayo ba. Alhaji ya kalli Khalidu, Khalidu ya kalli makullin da ke hannunsa. Na-Allah ya dafa sandarsa ya miƙe, ya bi ta gefen Hasiya ya fita, yana duban ƙasa kamar yadda ya saba.